Raddi ga Masu Yawo da Bidiyon 'Yan Matan Amurka



Iyayena da 'yan'uwana mazauna zango, aikina a zauren Maigida riƙon alƙalami ne. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a gefen buzunsa ina rubuta abin da manya suka zartar, kuma ladabin wurin bai ba magatakarda damar tsoma baki ba. Saboda haka ranar Lahadin da ta wuce na yi shiru. Da na koma gida barci ya ƙi zuwa. Washegari na nemi izinin Maigida in faɗi tawa a nan, ya ce in faɗa, muddin ban kama sunan kowa ba. Ba zan kama ba.

Ga abin da ya faru, domin waɗanda ba su halarta ba. An zauna ne a kan asusun taimakon karatu da gidajenmu ke zuba wa kuɗi duk wata. 'Yan mata huɗu daga zangon nan sun ci jarrabawa, an ba su gurbi a sakandaren kwana. Tun 2017 gwamnatin Gana ta ɗauke kuɗin makaranta, amma ba ta ɗauke akwati da katifa da bokiti da guzuri da kuɗin mota ba, kuma biyu daga cikin yaran marayu ne. Ana dab da amincewa, sai wani bawan Allah, wanda ya girme ni kuma nake ganin girmansa, ya zaro waya, aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu. A ciki wata budurwa ce a Amurka, sanye da ɗamammiyar riga wadda ba ta rufe cinya ba, tana alkafura da rausaya, jama'a na tafi. Ya ce ga ƙarshen bokon mata nan, kowa ya duba da kyau. Ya ƙara da cewa ai har likitansu an ɗaure saboda lalata da su. Zaure ya yi tsit, aka ɗage magana zuwa Lahadi mai zuwa. Bidiyon minti biyu ya tsayar da karatun yara huɗu.

Malamanmu na zaure sun koya mana cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san surarsa. Don haka na zaunar da ɗana, wanda ya fi ni Turanci, muka bi asalin wannan bidiyo dare uku. Abin da na samu shi zan shimfiɗa, mai daɗi da marar daɗi.

Wasan da kuka gani gasa ce ta jami'o'in Amurka, ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'i da ake kira NCAA. Ta fara shirya gasar ƙasa ta mata a wannan wasa a 1982, kuma a watan Afrilu ake kammala ta. A 'yan shekarun nan birnin Fort Worth na jihar Teksas ne masaukinta. Jami'o'i takwas ke isa can, huɗu su kai ranar ƙarshe. Fanni huɗu ake gwadawa. Akwai tsallaken teburi, inda yarinya za ta sheƙo da gudu, ta taka allo mai cilla mutum, ta dafa teburin, ta juya a sama ta dira. Akwai lilo tsakanin sanduna biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Akwai tafiya da alkafura a kan azara mai tsawon mita 5, wadda faɗinta santimita 10 ne kacal, ta kuma tashi daga ƙasa fiye da mita ɗaya. Sai na huɗu, wasan fili tare da kiɗa, wanda shi ne a wayar. A kowane fanni jami'a na fitar da 'yan wasa shida, a ɗauki makin biyar mafi kyau, a yar da na shida. Maki mafi girma 10 ne, wanda gasar duniya ta daina amfani da shi tun 2006 amma jami'o'in suka riƙe abinsu. Ke nan jimillar da ƙungiya za ta iya samu 200 ce, kuma sau da yawa ɗan guntun maki, wanda bai kai ɗaya bisa goma ba, shi ke raba mai kofi da mai kuka. Ɗaga ƙafa ɗaya bayan dira ya isa a rage maki.

Kowace yarinya da ke wannan fili ɗaliba ce mai cikakkiyar rajista. Idan makinta na aji ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, hukumar za ta hana ta shiga gasa. An ƙayyade awoyin atisaye kada su wuce 20 a mako lokacin gasa, domin karatu ya sami wuri. Da yawansu wasan ne ke biya musu kuɗin jami'a, a ƙasar da karatun jami'a ke jefa iyali cikin bashin shekaru. Wanda ya miƙa mana waya bai faɗi wannan ba, kuma ina kyautata masa zaton cewa bai sani ba. Sai dai rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba a hana marayu katifa da shi.

Budurwar da ke cikin bidiyon sunanta Katelyn Ohashi, ta jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. A watan Janairun 2019 aka ɗauki wasan, alƙalai suka ba ta 10 cif, miliyoyin mutane suka kalla. Kafin nan tana cikin 'yan matan da ake horarwa domin gasar duniya tun suna ƙanana. A 2013, tana da shekara 15, ta ci wata babbar gasa a Amurka inda ta sha gaban Simone Biles, wadda yau duniya ta sani. Daga nan bayanta da kafaɗunta suka lalace, aka yi mata tiyata. Ita da bakinta ta ba da labarin yadda manya suka riƙa yi mata gori a kan ƙibarta tana yarinya, har ta tsani jikinta, ta tsani wasan. Ta bar wancan tafarki ta shiga jami'a, kuma a can ta ce ta sake samun kanta. Dariyar da kuka gani a fuskarta ta wadda ta kuɓuta ce. In har bidiyon na da darasi game da makaranta, to ya saɓa da wanda aka karanta mana a zaure.

Tushen wannan gasa kuwa doka ce. A watan Yunin 1972 shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar ilimi mai ɗauke da sashen da suke kira Title IX, wato babi na tara. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon ware mutum ko hana shi wata moriya saboda shi namiji ne ko mace. Ko kalmar wasa babu a cikin nassinta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya mata ita ce Patsy Mink, 'yar majalisa daga Hawai, jikar baƙin da suka zo daga Japan, wadda makarantun likitanci suka ƙi ɗauka tana budurwa. Bayan rasuwarta a 2002 aka sa wa dokar sunanta. Lokacin da aka kafa dokar, 'yan matan sakandare masu shiga wasannin makaranta a duk Amurka ba su kai 300,000 ba. Yau sun haura miliyan 3. Ma'anar dokar ita ce, kuɗin jama'a da aka tara domin ilimi ba na 'ya'ya maza kaɗai ba ne. To, asusunmu na zango fa, wa ke zuba masa kuɗi? Ni ke riƙe da littafin. Masu sayar da koko da ƙosai da waken shinkafa sun fi kowa cika alkawari a cikinsa. Bara da muka saya wa samari biyar akwati, ba wanda ya zaro waya ya nuna mana 'yan dambe ba riga.

Yanzu batun sutura. A nan ba zan yi wa kowa kwana-kwana ba. Ni ma na sunkuyar da kai da wayar ta iso hannuna. Ba na so 'yata ta fito haka, kuma abin da na karanta a gaban malamaina bai ba ni damar cewa babu laifi ba. Wanda ya ji ƙyama ya ji ta a kan hanya. Tambayata ita ce, me ya haɗa wannan riga da 'ya'yanmu huɗu? Wace sakandare ce a ƙasar nan ke ɗora 'yan mata a kan azara da irin wannan shiga? Sannan ko a cikin masu wasan kansu, ba kowa ya yarda da rigar ba. A watan Afrilun 2021, a gasar Turai da aka yi a Basel ta ƙasar Suwizalan, 'yar wasan Jamus Sarah Voss ta fito da tufa mai rufe ƙafa har idon sawu, abokan wasanta suka bi ta, sannan ƙungiyar Jamus ta sake sa ta a gasar Olamfik ta Tokiyo a wannan shekara. Sun ce sun yi haka ne domin ƙin yadda ake mayar da jikinsu abin kallo. Dokar wasan dama ta halatta doguwar tufar, al'ada ce kawai ta danne ta. Ba na cewa shigar Jamusawa ta cika sharaɗin shari'a. Ina nuna cewa riga daban, motsa jiki daban, karatu kuma daban. Wanda ya dunƙule ukun ya jefi marayu da su ya yi ƙiyasi ba tare da illa mai haɗawa ba, kuma ƙaramin ɗalibin fiƙihu ya san hukuncin irin wannan ƙiyasi.

Motsa jiki kansa kuwa ba mu ne za mu haramta wa mata shi ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya suka sake ya tsere mata. Mu kanmu a nan mun taso muna ganin yayyenmu mata na gaɗa da dare, suna ampe da 'yan matan maƙwabta, ba wanda ya ce duniya ta tashi. Kuma in har tausayin jikin 'ya mace ne ya kama mu, me ya sa bai kama mu a tashar mota ba, inda 'yar shekara goma sha biyu ke yawo da faranti a ka har bayan isha'i tsakanin 'yan kamasho da direbobi? Me ya sa bai kama mu a kasuwar Kejetiya ba, inda 'yan mata 'yan dako ke ɗaukar kayan da ƙato zai yi nishi a ƙarƙashinsa, su kwana a bakin rumfa? Waɗannan muna wuce su kullum da carbi a hannu. Ta Amurka, wadda ba ta san da zamanmu ba, ita ta hana mu barci.

Sai maganar likita, wadda ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gaskiya ne, an ɗaure shi. Sunansa Larry Nassar. Ya yi shekaru yana likitan ƙungiyar ƙasa ta wannan wasa, kuma ma'aikaci ne a jami'ar jihar Mishigan. Ba zan ɓoye cewa a cikin jami'a ya yi wani sashe na ɓarnarsa ba. Yana fakewa da magani yana cin zarafin yara, wani lokaci uwar yarinya na zaune a ɗakin, ya kare ta da jikinsa. A watan Janairun 2018 mai shari'a Rosemarie Aquilina ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun tashi ɗaya bayan ɗaya a gaban kotu, kwana bakwai, kowacce ta faɗi abin da ya yi mata.

Mai waya ya tsaya a nan. Ni zan ci gaba, domin ragowar labarin shi ne namu. Ta yaya mutum ɗaya ya yi shekara ashirin yana wannan aiki? Yaran sun yi magana. Wata ta shaida cewa tun 1997, tana da shekara 16, ta gaya wa mai horarwa a jami'ar, aka nuna mata ba ta fahimci aikin likita ba, aka tsoratar da ita da abin da ƙara za ta jawo. Wasu sun gaya wa iyayensu, iyayen suka gaskata likita. A 2015 wata mai horarwa ta ji ɗalibarta Maggie Nichols na maganar abin, ta kai rahoto ga hukumar wasan. Hukumar ta yi makonni biyar kafin ta sanar da hukumar bincike ta FBI, ita kuma ta bar maganar kwance fiye da shekara. Binciken da ma'aikatar shari'ar Amurka ta fitar a 2021 ya nuna cewa a cikin wannan jinkiri an ci zarafin ƙarin yara kimanin 70. Abin bai fashe ba sai a 2016, da jaridar Indianapolis Star ta tono, wata lauya mai suna Rachael Denhollander ta fito da sunanta da fuskarta ta ce ita ma ya yi mata tana yarinya.

Ku duba waɗanda suka yi shiru. Ba 'yan iska ba ne. Shugabanni ne, masu horarwa, jami'an tsaro, mutane masu iyali da mutunci. Kowannensu ya auna sunan gidansa da kukan yarinya, sunan ya rinjaya. Daga baya sunan da suka tsare ya zube gaba ɗaya. Shugabar jami'ar ta sauka. Jami'ar ta biya diyyar dala miliyan 500 a 2018. Hukumar wasan da kwamitin Olamfik na Amurka suka amince da dala miliyan 380 a 2021. Gwamnatin tarayya ma ta amince ta biya kusan dala miliyan 139 a 2024 saboda sakacin jami'anta. A watan Satumban 2021 Simone Biles da Maggie Nichols da Aly Raisman da McKayla Maroney suka zauna a gaban majalisar dattawa suka faɗa wa manyan ƙasa laifinsu ido da ido. Maggie Nichols ɗin nan, wadda ba a zaɓe ta zuwa Olamfik ta 2016 ba, ta tafi jami'ar Okalahoma ta zama gwarzuwar wannan gasa ta jami'o'i sau biyu, a 2018 da 2019.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ne mai littafin zaure, kuma zan faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. A cikin shekara goma sha tara, sau uku aka kawo ƙarar da ta shafi ƙaramar yarinya da babban mutum, kuma sau uku aka ce mini in ajiye alƙalami. Aka ce a rufa asiri, aka ce zango ƙarami ne, mu baƙi ne a idon wasu, kada a ba masu zaginmu abin faɗa. Aka kira iyayen aka ba su haƙuri, aka haɗa da ɗan abin da ba zan kira sunansa ba. Ɗaya daga cikin yaran aka tura ta ƙauye wurin gwaggonta. Mutumin ya ci gaba da shiga sahun gaba. Na ajiye alƙalamin duk sau ukun, kuma ina neman gafarar Allah a kan haka. Babu ɗaya daga cikin yaran nan uku da ta taɓa taka sakandare. Babu wadda ta sa ɗamammiyar riga. Da hijabinsu aka cuce su, a cikin unguwa, a hannun wanda aka amince wa.

Saboda haka idan wani ya ɗaga labarin wancan likita a zaurenmu yana cewa ga halin Nasara, ina tambayarsa: a ƙarshe su sun tsayar da nasu a gaban alƙali, sun bar yara fiye da 150 sun yi magana duniya na ji. Mu wa muka taɓa tsayarwa? Rufin asirin da addini ya kwaɗaitar a kansa na mai zunubi ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Bai shafi wanda ke cutar da bayin Allah ba, balle yara, domin rufa wa wannan asiri miƙa masa yarinya ta gaba ne. A cikin Alƙur'ani akwai sura sukutum da aka sa wa suna saboda mace mai kai ƙara, wadda aka saurari kukanta daga saman sammai. Mu kuwa a zaure ɗaya mun kasa sauraro. Kuma abin da ya fito da waɗancan mata daga cikin shiru, bayan ikon Allah, ilimi ne. Wadda ta fara fitowa lauya ce, ta san yadda ake tara hujja, ta san ƙofar da ake bugawa. Yarinyar da ba ta iya karanta takardar asibiti ba, ba ta san hanyar ofishin 'yan sanda mai kula da cin zarafin mata da yara ba, ita ce abincin kura.

Ina da magana kuma da samarinmu da 'yan matanmu masu ilimi, waɗanda tun ranar Lahadi suke ta yi wa dattijon nan dariya a waya. Ku daina. Shi tsoro ya ji, kuma tsoron uba ga 'ya ba abin dariya ba ne. Sannan wannan gasa da kuke ɗauka aljannar duniya, ku san cikinta. Daga 1982 zuwa 2025 jami'o'i takwas kacal suka taɓa ɗaukar kofin: Jojiya sau 10, Yuta sau 9, Kalifoniya ta Los Anjeles da Okalahoma sau 7 kowacce, Alabama sau 6, Fulorida sau 3, sai Mishigan a 2021 da jami'ar jihar Luwiziyana a 2024. Wasa ne na masu hali, domin kafin yarinya ta kai jami'a iyayenta sun shekara goma ko fiye suna biyan kuɗin horo. Jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata ba su sami ƙungiya ko ɗaya a wannan wasa ba sai da jami'ar Fisk ta fara gasa a 2023. Har zuwa 2021 hukumar ta hana ɗalibai cin kuɗin sunansu da hotonsu, alhali jami'o'i na sayar da tikiti, gidajen talabijin na sayar da talla: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga gwiwoyi da jijiyoyin agara da ke tsinkewa kowace shekara. Abin koyi a wurinsu shi ne dokar da ta raba kuɗin ilimi daidai, da ƙarfin halin waɗanda suka ƙi yin shiru. Sauran ku bar musu kayansu.

In kuma ana son misalin da ya yi kama da mu, akwai Sunisa Lee. 'Yar ƙabilar Hmong ce, mutanen da suka baro ƙasar Laos bayan yaƙin da ya ƙare a 1975, suka zauna 'yan tsiraru a jihar Minesota, da harshensu da al'adunsu da tsoron kada 'ya'yansu su narke cikin masu rinjaye. Mahaifin da ya raine ta bai da kuɗin sayen azara, sai ya sassaƙa mata ta katako a bayan gida. Jama'arta suka riƙa haɗa gudunmawa domin tafiye-tafiyenta. Ta ci zinare a Tokiyo a 2021, ta shiga jami'ar Auburn, ta zama zakarar azara a gasar jami'o'i ta 2022. Ba na cewa mu sassaƙa wa 'ya'yanmu azara. Ina cewa ƙaramar al'umma a ƙasar da ba ita ke da rinjaye ba, ba ta da jarin da ya wuce 'ya'yanta, kuma wadda ta jingine rabinsu ta shiga kasuwa da ƙafa ɗaya. Mu da muke kukan babu namu a asibiti, babu ungozoma mai jin Hausa da za ta karɓi haihuwar matanmu, babu malama tamu a aji, daga ina muke jiran su fito? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman zamaninsa da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ba daga Teksas muka fara jin wannan ba.

Akwai damuwa ta gaskiya game da sakandaren kwana, kuma ita ya kamata mu zauna a kanta. Kowa ya tuna ce-ce-ku-cen da aka yi a ƙasar nan a 2021 kan hana ɗalibai Musulmi azumi a wata makarantar mishan. Batun ɗankwali da wurin salla ma bai mutu ba. Waɗannan suna da magani, kuma maganinsu ba ajiye yara a gida ba ne.

Ga roƙona ga zaure, ranar Lahadi. Na farko, a saki kuɗin yaran nan huɗu, domin ranar komawa makaranta ba ta jiran mu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a naɗa dattawa biyu, mace da namiji, su raka su, su ga shugabannin makarantun, su tambayi batun salla da azumi da sutura, su bar lambar waya, su riƙa kai ziyara kowane zangon karatu. Na uku, a zaɓi iyaye mata biyu amintattu a unguwa waɗanda kowace yarinya, 'yar makaranta ko 'yar talla, ta san za ta iya zuwa wurinsu ta faɗi abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Na huɗu, a rubuta a littafi cewa daga yau ƙarar cin zarafin yaro ba ta sulhun zaure ba ce, ta asibiti ce da hukuma, ko wane ne ya aikata, ko ɗan wane ne.

Baba mai waya, na san za a karanta maka wannan. Ban rubuta don in kunyata ka ba, kai ka riƙe ni a hannu ranar da aka kai ni makarantar allo. In na yi kuskure a cikin abin da na kawo, ka gyara mini a gaban jama'a, zan karɓa. In kuwa gaskiya na faɗa, ina roƙonka ka zama na farkon da zai ɗaga hannu ranar Lahadi.

Ni dai na riga na gaya wa Maigida: in aka sake kawo irin waccan ƙara aka ce in ajiye alƙalami, zan ajiye shi gaba ɗaya, a nemi wani magatakarda.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mana su a gida da waje, Ya yafe mana abin da muka gani muka kau da kai. Wassalamu alaikum.